Bitar kocin fentbol a Abuja: mu je ko mu sayi fenti mu ci gaba da atisaye a gida?

Kyaftin: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Akwai maganar da nake so mu yanke cikin satin nan don lokaci na ƙurewa. Wani ɗan wasan fentbol, wasanmu na harbin juna da ƙwallon fenti, daga Afirka ta Kudu da ya daɗe yana buga gasa zai zo Abuja wata mai kamawa, masu wani fili can suka gayyato shi zai yi bita ta kwana biyu, Asabar da Lahadi, kuma sun ce in muna so za su ware mana gurbi. In aka haɗa kuɗin rajista da mota da masauki da fenti na mutum 5, zai cinye kusan duk abin da ke asusu. Ni dai ra'ayina mu je, amma kuɗin na kowa ne, don haka kowa ya faɗi abin da ke ransa a nan, kar a yi shiru a gurup a koma majalisa ana ƙorafi.

Abba Ƙofar Ƙaura: Wa alaikumus salam. Kyaftin wlh ban goyi baya ba, kuma ba don rowa ba. Ka duba ragar da muka kewaye filin da ita ta ɓangaren gabas duk ta yage, mas ɗin kare fuska guda uku gilashinsu ya kakkarce ba a gani da kyau, fenti kuma saura katan ɗaya da rabi. Kuɗin nan in muka sa a fenti, kowane katan ƙwallo 2000 ne, za mu yi watanni muna atisaye duk Asabar. Kwana biyu mi za su canza ma mutum? A je a dawo da hotuna da satifiket, asusu wayam, mu zauna muna kallon juna ba abin harbawa.

Auta: Ni dai Yaya Kyaftin in za a je a sa sunana dan Allah

Abba Ƙofar Ƙaura: Auta bari tukuna a gama maganar kuɗi

Na Daura: Slm. Ina tare da Yaya Abba a rabi. Komai fa yana YouTube yanzu, wasannin NXL, gasar ƙwararru ta Amurka, ana sa su, ka ga yadda San Diego Dynasty da Edmonton Impact da Houston Heat ke wasa, biyar da biyar a fili mai ƙafa 150 a tsawo 120 a faɗi, ka tsayar da bidiyo ka maimaita sau nawa kake so da data ta ɗari biyar. Ni haka na koyi sunayen maɓoyai, maciji (doguwa ta kwance a ƙasa) da dorito (mai kusurwa uku) da sauransu, da yadda ake rabon aiki tsakanin ƴan gaba da ƴan baya. Kuma ƴan Dynasty ɗin nan su Ryan Greenspan da Alex Fraige da Yosh Rau da Oliver Lang tun suna samari suka fara wasa tare, suka yi shekara da shekaru, abin da ya gina su kenan ba bitar kwana biyu ba. Amma fa rabin da ban yarda da Yaya Abba ba, shi Greenspan ɗin da kansa yana yawo ƙasashe yana koyar da mutane a irin wannan bita, kuma ƴan wasan da suka fi mu nesa ba kusa ba suna biya su je. Da ba ta da amfani da ba su je ba.

Mai Maciji: To bari in sa baki tunda ni na taɓa tsayawa gaban wanda ya iya. Lokacin da nake bautar ƙasa a Abuja akwai wani da ke zuwa filin da muke wasa, ya buga gasa a waje, wata rana ya ce in tsaya bayan maɓoya in leƙo in harbi gwangwanin da ya ɗora kan taya in koma. Na yi, ni a ganina tsaf. Sai ya zagaya ya tsaya inda gwangwanin yake ya ɗauke ni a waya, ya zo ya nuna min. Jama'a kafin bakin bindigata ya fito, gwiwar hannuna ta riga ta fito waje, sannan tukunyar fenti ta sama ta biyo, sannan kaina, bakin bindiga shi ne na ƙarshe. Wato abokin karawa yana ganina tun kafin ni in gan shi. Ya kama gwiwar hannun da hannunsa ya manna min ita a haƙarƙari, ya ɗan karkata bindigar ciki yadda tukunyar za ta ɓuya bayan maɓoya, ya gyara min tulun iska a kafaɗa, ya ce ƙugu ne zai motsa ba wuya ba, ido da bakin bindiga su fito tare su koma tare. Na Daura ka ce YouTube, wlh na sha kallon bidiyon wannan abin kafin ranar, kuma na ɗauka haka nake yi. Bidiyo yana nuna maka yadda gwani ke yi amma ba ya ganinka balle ya ce maka kai ga inda ka karkace.

Na Daura: Wannan gsky ne Yaya

Mai Maciji: Kuma ban gama ba. Mu nawa ne a nan ke iya harbi da hagu? In kana ɓangaren hagu na maɓoya ka riƙe da dama, rabin ƙirjinka a waje yake. Duk Asabar ina gani, ana fitar da mu a wuri guda ta hanya guda, mu ce rashin sa'a ne. Fentin da Abba ke cewa a saya, in muka harba shi da wannan riƙon, kuskuren muke ƙara dasawa a jiki, kuma abin da jiki ya saba da shi cire shi ya fi koyon sabo wuya.

Abba Ƙofar Ƙaura: To ai ga ka nan, ka koya mana abin da ya koya maka kyauta, mi ya sa sai mun je Abuja

Mai Maciji: Abin da na samu kaɗan ne Abba, riƙo da leƙe kawai. Ban san yadda ake tsara fita daga layin farko ba, ban san yadda ake karanta fili ba. In na ce zan koyar da wannan, ƙarya zan yi maku.

Kawu Filin Polo: Salamu alaikum ƴaƴana. Ni ba na wasanku, Kyaftin ne ya sa ni a gurup ɗin saboda filin da kuke amfani da shi, amma na karanta duka kuma ina da abin cewa. Ku ƴan Katsina ne, kuna da misali a gida ba sai kun je Amurka ba. Sarki Muhammadu Dikko ne ya kawo polo garin nan, kuma a lokacin ba a rasa mahaya a Katsina ba, mutanen da suka tashi a kan doki, masu hawan sallah. Amma iya hawa daban, iya polo daban, sai da aka zauna aka koyi riƙon sanda da dokar layin ƙwallo da yadda ake tare abokin karawa ba tare da an karya doki ko mutum ba. Daga nan aka samu Sarki Usman Nagogo wanda har yau in ana lissafin gwanayen polo a Najeriya da shi ake farawa. Kuma har gobe manyan kulob na ƙasar nan suna kawo ƙwararru daga Ajantina, ana wasa da su ana kallon hannunsu. Abin da na gani da idona a shekarun da na yi a bakin fili shi ne, yaron da ya amfana da baƙon gwani shi ne wanda dama kullum yana kan doki, ya zo da tambayoyinsa a shirye. Wanda sai ranar da baƙo ya zo yake bayyana da sabon takalmi, ba ya tafiya da komai.

Kyaftin: Allah ya ƙara girma Kawu, mun gode

Na Daura: Kawu Allah ya ja kwana. Abin mamaki shekarar da Sarki Nagogo ya rasu, 1981, ita ce shekarar da aka fara buga fentbol a duniya, a jihar New Hampshire ta Amurka, mutum 12 a daji, da bindigar da ake sa wa itatuwa da shanu alamar fenti. Wasan yaro ne ƙwarai in aka gwada da polo. Kuma maganar Kawu ta tuna min da ƴan Rasha, Russian Legion ta Mosko, su suka shigo da tsarin atisaye kamar na ƴan wasan motsa jiki, koci na dindindin, horo a kai a kai, maimaita abu ɗaya har ya zauna, suka je Amurka inda aka ƙirƙiri wasan suka riƙa cin manyan kulob. To su koci ne ya kai su, amma kocin kullum ba na kwana biyu ba, nan ne nake ta kai da kawowa a raina.

Abba Ƙofar Ƙaura: Kawu ranka ya daɗe na ji kuma na yarda, amma bari in faɗi abin da ke ci min rai don a fahimce ni. Ƙanena yana buga ƙwallo, wani ya zo garin nan da sunan koci mai kai yara Turai, aka yi talla, aka karɓi kuɗin fom, mahaifiyarmu ta sayar da tunkiyarta ta biya masa. Aka tara yara sun fi ɗari a rana, aka raba su suka buga minti goma goma, mutumin yana zaune a inuwa yana danna waya, aka ba su takarda mai tambari aka ɗau hoto, shi ke nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Yaron nan ya yi sati ba ya cin abinci sosai. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Wa ya san wanga mutum na Afirka ta Kudu? Wa ya ga wasansa? Mutum nawa za a tara masa? In mutum 60 ne a kan koci ɗaya, wa zai kama gwiwar hannunka ya gyara kamar yadda aka yi wa Mai Maciji?

Mai Maciji: Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce magana, wlh Abba ka yi gaskiya a nan

Kyaftin: Allah ya saka wa ƙanenka Abba. Tambayoyin nan zan tura masu yau, ban da amsar adadin mutane a yanzu.

Anti Nas: Sannunku. Ni ina karantawa ina jira in ga wanda zai ambaci ido, ba wanda ya yi. Abba ya ce mas uku sun kakkarce ya wuce kamar ƙaramin abu. Ƙannena ku saurare ni, ƙwallon nan yana fita da gudun da ya kai ƙafa 300 a sakan, sama da kilomita 300 a awa kenan, kuma girmansa daidai yake da shiga kwarmin ido, ƙashin gira ba ya tare shi. A jiki shaida ce za ta yi ta baje cikin kwanaki, a ido kuwa jini ne ke taruwa a gaban ido, ko fatar gani ta can ciki ta ɓalle, wani har ya rasa idon gaba ɗaya. Kuma yawancin masu samun wannan rauni ba a tsakiyar wasa da mas a fuska suke samu ba, sai lokacin da mutum ya ɗaga mas don ya yi tururi ba ya gani, ko an fitar da shi yana tafiya ya cire tun bai bar fili ba, ko a wurin hutawa wani yana wasa da bindiga ba a sa mata hular baki ba. Ranar da na raka Auta na ga yaro ya ɗaga mas yana share gumi ana tsaka da harbi, ba wanda ya busa usur. Ni in bitar nan za ta koya maku alƙalanci da tsare doka, ina goyon baya ɗari bisa ɗari, amma ba zan yarda a taɓa kuɗin tafiya ba sai an fara canza gilasan nan. Wanda ya tsage ko kaɗan a jefar, kuma a sayi mai ruɓi biyu wanda ba ya tururi, shi ne zai hana yara ɗagawa.

Auta: Anti ba ni ba ne na ɗaga fa

Anti Nas: Na sani Auta, ban ce kai ba ne, kuma ba sunan wanda zan kira. Laifin na tsari ne, ba a sa alƙali ba ranar.

Kyaftin: An karɓa Anti. Gilasai na farko, ko za a je ko ba za a je ba.

Injiniya: Tunda Anti ta buɗe wannan babi bari in ƙara nawa. Muna amfani da iskar CO2 wajen harbi a yawancin bindigoginmu ƙirar Tippmann, shi kuma ƙarfinsa yana bin zafi. A watan Maris da Afrilu da rana ke kai 40 a Katsina, tulun da aka bari a rana ƙarfinsa na hawa, bindigar da ka saita da safe da azahar ta wuce ƙa'ida, kuma ba mu da na'urar auna gudu ko ɗaya, da ido muke ƙiyasi. Duk filin kirki ana auna kowace bindiga kafin a shiga, da yawa ma a ƙafa 280 a sakan suke tsayarwa. Masu gasa iska matsattsiya suke amfani da ita, tulu mai matsin iska 3000 ko 4500 psi, ta fi daidaito, amma tana da nata haɗarin, injin mai faci ba ya cika ta, ba a kusantar iskar ƴan walda da ita ko da wasa, ba a ɗiga mai a bakin cikawa don yana iya kamawa da wuta, kuma tulun yana da ranar gwaji a jikinsa, yawanci duk shekara 5. Ni abin da zai kai ni Abuja kenan, in tsaya kusa da mai cika masu iska da mai gyara in ga hannunsa. Sannan Abba maganar tara katan da yawa, fentin nan ɓawonsa jelatin ne, zafi na sa shi laushi ya lotsa, damina ya kumbura, hunturu ya bushe ya riƙa fashewa a cikin bututu. In ka sayi na wata shida ka ajiye a shagon da ba fanka ba wuta, rabi asara ne.

Abba Ƙofar Ƙaura: To wannan ban yi tunaninsa ba Injiniya, sai a riƙa saye kaɗan kaɗan. Amma na'urar auna gudun nan nawa take? Ita ma ai ta fi tafiya muhimmanci

Injiniya: Ta hannu ba ta kai kuɗin tafiyar mutum ɗaya ba a yadda na gani, zan tambayo farashin yau in sa a nan

Malam Barhim: Assalamu alaikum. Duk kun yi maganar wasa, ni ta hanya zan yi. Kowa ya san halin da jiharmu ke ciki na tsaro. Samari biyar a mota da abubuwa masu kama da bindiga a but, daga Katsina zuwa Abuja, shingen jami'ai nawa za ku wuce? Jami'in da ke bakin aiki ba zai tsaya sauraron tarihin New Hampshire ba, kuma ba za a ga laifinsa ba. In za a je, kar wanda ya ɗauki ko bututu, ku tafi da mas da kayan sawa kawai ku yi hayar sauran a can. A fita da sassafe, ba tafiyar dare, in an isa Kaduna a hau jirgin ƙasa daga Rigasa. Kuma ko a nan gida ina ba da shawara a rubuta takarda a kai ofishin ƴan sanda na yankin da mai unguwa, a san da mu, a san ranakun da muke wasa, a gayyace su su zo su gani. Iyaye ma su sa hannu ga duk wanda bai kai 18 ba.

Kawu Filin Polo: Malam ya yi magana. Mai unguwa ku bar min shi, ni zan je da kaina.

Na Daura: To ga shawara, mi zai hana a tura mutum 2 maimakon 5? Mai Maciji da Injiniya su je, ɗaya ya kwaso wasa ɗaya ya kwaso gyara da tsaro, su ɗauko bidiyo, su dawo su koyar da mu. Sauran kuɗin a yi gilasai da na'ura da raga. Kowa ya samu.

Abba Ƙofar Ƙaura: Wannan zan iya sa hannu

Mai Maciji: Na gode da kuka ambace ni amma ku tsaya ku ji matsalar. Abin da mutum ɗaya zai iya ɗaukowa shi ne na jikinsa, riƙo, leƙe, harbi a guje, zamewa cikin maciji. Amma abin da ke kashe mu in mun haɗu da ƴan Kano ba shi ba ne. Ku tuna wasanmu na ƙarshe da su, ana busa usur cikin sakan kaɗan mun rasa mutum biyu tun ba su kai maɓoyarsu ba. Ba wai sun fi mu saiti ba ne, su ba mutum suke harbi ba, gurbin da mutum zai bi suke cika wa fenti tun kafin ya iso, shi da kansa zai shiga ciki, don ƙwallon yana ɗaukar lokaci a iska, in ka saita mai gudu inda yake to bayansa za ka samu. Kuma kowannensu ya san layin da aka ba shi tun kafin a fara. Sannan bakinsu ba ya shiru, na baya yana faɗa wa na gaba mutum nawa suka fita, wa ke dorito, wa ya shiga maciji, na kusa ya maimaita har ta kai ƙarshen fili. Mu kuwa kowa ya shige maɓoyarsa ya yi tsit, ni ina cikin maciji kwance ban san ko saura ni kaɗai ba sai na ji fenti a bayana. Wannan ba a koya wa mutum ɗaya ya zo ya ba da labari, sai koci ya tsayar da ku biyar ɗin, ya sa ku zagaya fili da ƙafa kafin wasa kuna durƙusawa bayan kowace maɓoya kuna duba ina ake gani daga nan ina ba a gani, ya ba ku tsari, ku fita, ya tsayar, ya ce kai ka makara kai ka yi shiru, ku koma ku sake, har sai ta zauna. In mutum 2 suka je za a haɗa su da baƙi ne su yi wannan, su dawo su tarar da mu yadda suka bar mu.

Na Daura: Hmm. To amma Yaya ko rabin ne ai ya fi babu

Mai Maciji: Ya fi babu, ban musa ba. Ina so dai a san mi ake saya da kuɗin.

Kyaftin: Ni abin da ya sa tun farko na ce 5 kenan, amma maganar Anti da Injiniya ta canza lissafi, ba zan kai mutane bita in dawo da su filin da ba na'urar auna gudu ba.

Auta: Yaya to in mu muka kasa zuwa shi ba zai zo Katsina ba? Ko kwana ɗaya ne. Kowa sai ya samu har mu ƙanana

Injiniya: Auta tambayarka ba ta banza ba ce. Akwai jirgin sama daga Abuja zuwa filin Umaru Musa Yar'adua, kuɗin mutum ɗaya zuwa da komawa da masauki zai iya yin ƙasa da na mutum 5 a can. Matsalar filinmu tayoyi ne da durom, ba maɓoyan hurawa irin na gasa ba, kuma ba mu da iska matsattsiya. Amma riƙo da magana da tsarin fita ai ko bayan taya ana koyonsu.

Malam Barhim: Kawo baƙo ɗan ƙasar waje garin nan ba ƙaramin nauyi ba ne, sai an sanar da hukuma an tsara tsaronsa, kuma shi ma sai ya yarda. Kar a sa rai sosai, amma tambaya ba laifi.

Abba Ƙofar Ƙaura: In zai zo nan ni zan fi kowa murna, don zan gan shi da idona a filinmu, ba inda zai ɓuya cikin taro. Kuma in ya zo a gayyato ƴan Kano da na Daura su biya nasu kason, nauyin ya ragu.

Na Daura: Mu daga Daura mutum huɗu na tabbata za su zo, tafiyar ba ta da nisa

Kawu Filin Polo: Ko nan ko can, sharaɗina ɗaya tunda filina ne. Daga wannan Asabar zuwa ranar bitar, rabin lokacinku ya zama atisaye ba wasa ba. Ina zaune ina kallonku, kuna zuwa ku raba tim ku hau harbin juna har fenti ya ƙare ku tafi. Mai Maciji ya jera gwangwanaye ya koya maku abin da ya sani, dama da hagu, kowa a ɗauke shi a waya ya ga kansa. Wanda bai zo atisayen ba kar a sa sunansa a bita ko da shi ya fi kowa zuba kuɗi.

Anti Nas: Na goyi bayan Kawu. Kuma duk Asabar mutum ɗaya ya haƙura da wasa ya riƙe usur, a riƙa juyawa. Zan kawo akwatin taimakon gaggawa in bar shi a wurin, in nuna wa mutum biyu abin da ake yi in fenti ya sami ido, ba a murzawa, ba a dannawa, a rufe da abu mai tauri wanda ba zai taɓa idon ba a wuce asibiti nan take.

Mai Maciji: Na karɓa Kawu. Ba ma sai an ƙona fenti da yawa ba, leƙe da canza hannu ana yinsu da bindiga ba komai a ciki, kowa ya samu ƙwallo kaɗan na gwaji a ƙarshe.

Kyaftin: To alhamdulillah. Ga abin da zan tura wa masu filin Abuja yanzu: mutum nawa za su karɓa gaba ɗaya kuma koci nawa, su turo bidiyon gasar da mutumin ya buga da sunan tim ɗinsa mu bincika da kanmu, jadawalin kwana biyun awa nawa atisaye awa nawa wasa, ko fenti da hayar kaya na cikin kuɗin, ko za a bar mu mu ɗauki bidiyo, ko za a bar tim ta yi aiki tare ba a warwatsa ta ba, sannan ko zai yarda ya ƙara kwana ɗaya ya zo Katsina da nawa zai karɓa. Ba za a tura ko sisi ba sai amsa ta zo na sa ta a nan kowa ya gani. Injiniya ka kawo farashin na'ura da gilasai kafin Juma'a.

Abba Ƙofar Ƙaura: Ka ƙara da cewa in an fasa bitar za su maido da kuɗi, kuma a rubuce

Kyaftin: Na ƙara

Injiniya: Kowa ya zo da tulunsa ranar Asabar in duba kwanan watan da ke jiki, har waɗanda ke gida ba a amfani da su. Ƙarfe 7 na safe kafin rana ta yi zafi.

Auta: Yaya Mai Maciji ni bahago ne, ni da dama zan fara kenan?

Mai Maciji: Eh da dama za ka fara, ka zo da wuri ka taya ni jera gwangwanayen